Hannuwan da Kuka Ce Ba Su Taɓa Shinkafata Ba

Zuwa ga Shugaban shirin koya wa masu sana'ar cikin gida kasuwanci a waya.

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da dukkan ma'aikatanka. Ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah ya taimaka, ya ƙara girma.

Ranka ya daɗe, sunana Hajara. Ina zaune a wani ƙauye a bakin kanal ɗin ban-ruwa, tsakanin Kura da Bunkure. Sana'ata turara shinkafa. Ina sayen shanshera a hannun manoman rani, wato shinkafar da ba a raba ta da buntunta ba, in jiƙa, in turara a rabin duro, in shanya a tamfol, in kai inji a casa, sannan a dawo da ita gida a tsince. Shekarata ashirin da 'yan kai a kan wannan. Maigidana ya rasu shekara shida da suka wuce. 'Ya'yana mata biyu suna ɗakunansu a birni, namijin yana Kudu wajen neman abinci. Ina cikin matan da kuka koyar bara da rani a ajin makarantar firamare. In ba ka tuna ni ba, ni ce mai yawan tambayar da ke zama kusa da taga.

Ban so wannan takarda ta fito bainar jama'a ba. Na kira lambar ofishinku sau uku. Na je da ƙafata sau ɗaya, na wuni a kan benci, aka ce ka fita taro. Da na ga magana a ɓoye ta ƙi ci, sai na ce bari in yi ta a fili, tunda ku ma a fili kuka yi tawa. Da hannuna na rubuta, ba wanda ya shifta min.

Kafin in shiga ƙorafi, bari in nuna maka abin da kuka tarar a gidana, domin ba wanda ya tambaye ni a cikinku.

Injin casa na garinmu yana cire buntu ne kawai, ba ruwansa da tsakuwa. Shinkafar da aka shanya a ƙasa kuwa ba ta rasa tsakuwa. Saboda haka duk ranar da na dawo daga inji, da hantsi mata huɗu ke shigowa gidana. Akwai Ladidi, akwai Uwani, akwai Indo wadda ke sauke ƙwaryar nononta a nan in ta taso daga ruga. Sai babbarmu, Gwaggo Asabe, da katanga ɗaya ta raba mu. Kowacce tana da kujerarta 'yar tsugunno da ta bari a gindin darbejiyar tsakar gidana, ba ta tafiya da ita. Mu zauna, a bakace, a baza a faifai, a tsince ɗaya bayan ɗaya. Ana yi ana hira, ana tsiya, ana sauraron rediyo, wani lokacin har a yi faɗa a shirya kafin azahar. Gwaggo Asabe ta haura saba'in, idonta ya yi rauni tun tuni, amma da yatsa take jin tsakuwa. Faifan da ya bi ta hannunta ba na sake dubawa. Da maigidana ya rasu, ita ce ta kwana arba'in tana leƙo ni, ita ce kuma ta ɗauko faifai ta ajiye a cinyata ranar da na fita takaba, ta ce zaman haka ya isa.

Ba na biyan su kuɗi, ba su taɓa tambaya ba. Karyayyar shinkafar da ta fita a bakace tasu ce, su raba su je su yi tuwo. In Ladidi na suyar gyaɗa ni ma ina can. In Indo ta haihu mu ne a ruga. Haka muka tarar iyayenmu na yi.

To ga ƙorafina, ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗaya: maganar karyayya. A rana ta biyu ta karatun, malamarku ta ce babban abin da ke kashe sana'ar mata shi ne kyauta. Ta ce duk abin da ya fita daga buhu a san inda ya tafi. Da na ba ta labarin karyayya sai ta riƙe baki. Ta ce wannan ai kaya ne, a ɗaure a leda a sayar wa masu tuwo, su kuma matan a riƙa biyan su ladan wuni. Ta sa aka tafa min a aji saboda na kawo misali mai kyau. Na dawo gida kaina ya kumbura. Ranar tsinta ta gaba na ɗaure karyayya a leda, da aka tashi na miƙa wa kowacce kuɗi. Ladidi da Uwani suka karɓa suna kallon ƙasa. Indo ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Gwaggo Asabe ta laluba tafin hannuna, ta ji takarda, ta naɗe min yatsuna a kai ta ce, "Hajara, yaushe na zama 'yar ƙwadago?" Duk da haka ba su daina zuwa ba. Hirar ce dai ta ragu, rediyo ya fi mu magana.

Ban ce malamarku ta yi da mugun nufi ba. Amma wanda zai ba mutum shawara a kan kayansa, ya kamata ya fara tambayar me kayan ke yi a inda suke. Waccan karyayyar ba asara ba ce, da ita nake zaune da mutane.

Na biyu: tallar da kuka rubuta da sunana. Wannan ita ce uwar maganar. Bayan an gama karatu kun turo min wani matashi da kuke kira marubucin talla. Ba zan faɗi sunansa ba, yana da ladabi, har ƙasa ya gaishe ni. Bai kai rabin awa a gidana ba. Ya zo ranar da ba a tsinta, bai ga kowa ba sai ni da kaji. Ya ɗauki hoton shinkafa a tire, ya tafi. Bayan kwana biyu ya buɗe min shafi a waya, ya sa hoton wani dogon inji mai ƙyalli wanda ban taɓa gani ba ko a mafarki, ya haɗa da murya mai daɗi da ɗan kiɗa a ƙasa. Ga abin da muryar ke cewa, na haddace shi ba don ina so ba:

"Shinkafar Hajara, tatacciya daga inji zuwa tukunyarki. Hannu bai taɓa ta ba. Ba irin ta matan ƙauye ba da ake tsinta ana hira, tsakuwa na wucewa."

Ranka ya daɗe, sake karanta layin ƙarshen nan. Su wa ke tsinta suna hira? A duk duniya mata nawa ne ke tsintar shinkafar Hajara? Huɗu ne, kuma duk ƙauyen nan an san su.

Kun ce tallar mutanen birni za ta je wa. Waya ba ta san birni da ƙauye ba. Sati uku bayan nan aka yi suna a Garun Mallam, 'yar Uwani ce ta haihu, muka cika mota muka tafi. Ana tsakiyar cin abinci wata daga dangin miji ta ce ai ga mai shinkafar nan ta waya, ta kunna don ta yabe ni. Tsakar gida cike da mata. Muryar ta faɗi abin da za ta faɗa, kiɗan ya ƙare. Gwaggo Asabe ta ce a sake kunnawa, kunnenta bai kama ba. Ƙarya take, kunnenta ya fi na kowa. Aka sake. Ta gyaɗa kai ta ce, "To madalla. Allah ya sanya wa injin albarka." A motar dawowa ba wadda ta yi min magana, ba kuma wadda ta zage ni. Da ma zagin suka yi.

Washegari da safe suka shigo ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ta gaishe ni, ta tambayi kwanan gida, ta sunkuya ta ɗauki kujerarta ta fita. Indo ta canza inda take sauke ƙwarya. Gwaggo ta ɗauki kujera, amma ta bar faifanta a jikin ƙusa. Har yau ban sani ba mantawa ta yi ko da gangan ne, kuma ina tsoron tambaya.

Na uku: haraji. Kun koya mana cewa mai sana'a ya yi rajista ya biya haraji, kuma ban ƙi ba. Ina biyan na kasuwa tun kafin a haifi marubucin tallarku. Amma ma'aikatanku ne suka cike mana takardun, mu sa hannu kawai muka yi. A tawa an rubuta masana'antar sarrafa shinkafa. Bayan ƙaramar salla sai ga mutum biyu daga ofishin haraji a babur da jaka, sun zo ganin masana'anta. Ɗaya ya buɗe wayarsa ya nuna min hoton injin, ya ce ina aka girke shi. Na kai su inda nake turarawa na nuna musu rabin duro a kan duwatsu uku, da tamfol biyu, ɗaya ma da faci. Babban cikinsu ya yi dariya har ya zauna a kan turmi. Mutanen kirki ne, sun sha ruwa, sun yi min jaje. Sai dai sun ce abin da ke rubuce shi ne a gabansu, ba za su iya mayar da ni sahun masu ƙaramar sana'a ba sai wanda ya cike takardar ya rubuto cewa kuskure ne. Abin da aka yanka min, ko na sayar da duron da tamfol da turmin da ya zauna a kai ba zai kai ba.

Wannan ya dame ni, amma ba shi ke hana ni cin abinci ba. Na sa shi ne domin ka ga cewa ƙaryar da aka yi don ta jawo masu saye, ba masu saye kaɗai ta jawo ba. Maƙwabta kuma sun ga babur a ƙofar gidana, aka ce ga shi nan, Hajara ta zama kamfani.

Na huɗu: ita kanta shinkafar. Zan faɗi gaskiya, tallar ta kawo ciniki. Waya ta yi ta ƙara, ana aiko kuɗi, ina ba direbobin Bunkure suna kaiwa birni. Amma yanzu ni kaɗai ke tsinta. Aikin da mu biyar ke gamawa kafin azahar, ina kai la'asar ban ci rabinsa ba. Ga ido ya fara gajiya, ga baya. Ba kuma ni da yatsun Gwaggo. Watan jiya wata mata ta turo saƙon murya a shafin, kowa na ji, ta ce mijinta ya tauna tsakuwa a shinkafata har haƙori ya tsage, ina injin da ake faɗa. Shekara ashirin ana tsinta ana hira ba wanda ya taɓa dawo min da kwano ɗaya. Sai da aka daina hirar tsakuwa ta fara wucewa.

Ban san ko ka taɓa zama kai kaɗai a tsakar gidan da ya saba da mutane ba. Ina jin ƙarar kowace tsakuwa in na jefa ta a gwangwani. Ina jin famfon ban-ruwa daga gonaki. Ta kan katanga ina jin muryar Ladidi da Uwani a gidan Gwaggo, can suka koma da kujerunsu, suna ɓarar gyaɗa. Wani lokacin a yi dariya, in kama kaina ina murmushi ban san me aka ce ba. Rediyon ma na daina kunnawa, don in an faɗi abin mamaki sai in juya in ce "kun ji?" Kaɗaici ya ishe ni, ranka ya daɗe. Ban ji irinsa ba ko a takaba, domin a takaba ana shigowa.

Na biyar: nawa laifin. Ba zan ɗora muku duka ba, ina jin tsoron Allah. Kafin a saki tallar, yaron ya kunna min ita a waya ya ce ta yi? Na ji "matan ƙauye" da kunnena. Wani abu ya ɗan soke ni. Amma na ji sunana a bakin mai murya irin ta rediyo, ga kiɗa, ga inji, sai daɗi ya rufe ni. Na ce ta yi. Na ɗauka wasu matan ƙauyen ake nufi, na can wani wuri, marasa suna. Na manta ni ma matar ƙauye ce, kuma a faifai uwata ta ciyar da ni. Wannan tsakanina da Ubangijina ne da matan nan, kuma na fara biya.

Na je na ba su haƙuri. Ladidi ta ce ya wuce, Uwani ta ce ba komai, irin ba komai ɗin da ke da komai. Na bi Indo har ruga, ta ce ita duk inda Gwaggo ta zauna nan za ta zauna. Sai na shiga wurin Gwaggo Asabe. Ta amsa sallamata da fara'a, ta sa aka shimfiɗa min sabuwar tabarma, aka kawo min ruwa a kofin baƙi. Shekara ashirin ina shiga gidan nan, a bakin murhu nake zama in ɗebi abin da na ga dama a tukunya. Ranar nan aka yi min tabarma. Na yi kuka, na faɗi duk abin da na faɗa maka a sama. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Ni ba fushi nake ba, 'yar nan. Tambaya ɗaya zan yi miki. Abin nan na cikin waya yana nan yana faɗa?" Na ce yana nan. Ta ce, "To in ya yi shiru kya gaya min."

A nan na tsaya, domin ba ni da ikon sa shi ya yi shiru. Mabuɗin shafin yana hannun ofishinku. Da na kira na roƙi a cire, wata ma'aikaciyarku ta ce min wai wannan tallar ce ta fi kowacce tafiya a duk shirin, wai har nuna ta kuke yi wa baƙi a taro, in yi haƙuri, masu hassada ne ke zuga ni. Gwaggo Asabe ce mai hassadar? Matar da ba ta taɓa riƙe waya mai hoto ba?

Ga abin da ya sa nake gaggawa. Ɗanta da ke Madobi ya ce da an gama yankan shinkafar rani zai zo ya ɗauke ta ta koma wurinsa, saboda idon ya ƙara lalacewa. Shinkafar ta riga ta sunkuyar da kai a gonaki, an fara ɗauke wa wasu ruwa. Madobi ba nisa, na sani. Amma tsohuwar da ta tafi gidan ɗa ba ta dawowa tsintar shinkafa. In ta tafi abin nan yana faɗa, to da tabarmar baƙi muka rabu ke nan.

Saboda haka ina roƙonka abu uku, don girman Allah.

Na farko, a cire tallar nan da hoton injin daga shafina da duk inda kuka kai ta, a kuma ba ni mabuɗin shafin, tunda sunana ne a kai. Cinikin da zai ragu ya ragu, ni na ji na gani.

Na biyu, ofishinku ya rubuta wa masu haraji cewa ba ni da masana'anta, rabin duro gare ni. Abin da ya hau kan mai rabin duro zan biya ba gardama.

Na uku shi ne babba. A sa wata tallar a madadin waccan, kuma da murya, irin muryar nan dai mai daɗi, domin Gwaggo ba ta karatu, ba ta kuma gani. Ba sai kun turo marubuci ba, na rubuta abata:

"Shinkafar Hajara, daga bakin kanal. Ba mu da injin tsinta. Mata biyar ne ke tsince ta da hannu, suna yi suna hira. Babbarsu Gwaggo Asabe, da yatsa take jin tsakuwa."

Na san za a ce ba ta da armashi, ba za ta ja mutanen birni ba. Wataƙila. Na san kuma yau ba gaskiya ba ce, don ni kaɗai ce a gindin darbejiya. Amma ranar da kuka sake ta zan ɗauki wayar in zaga katanga, in wuce tabarmar in zauna a bakin murhu, in kunna mata. In ta ce kunnenta bai kama ba, in sake kunnawa. Abin da zai biyo baya na Allah ne. Karyayya dai na daina ɗaure ta a leda, tana nan na tara musu a buhu.

Sauran matan da za ku koyar nan gaba kuma, kafin a rubuta musu ko kalma ɗaya, a je gidajensu ranar aiki, a zauna, a ƙirga hannuwan da ke cikin faifai.

Ina yi maka addu'a da zuciya ɗaya. Allah ya yi riƙo da hannunka, ya sa shirin nan ya amfani talakawa kamar yadda kuka yi niyya. Allah ya shirya mana yaron nan marubuci, ya sa alƙalaminsa ya zama na alheri. Allah ya raya maka zuri'a, ya bar ka da maƙwabtanka, kada ya nuna maka ranar da za ka ji dariyarsu ta kan katanga.

Faifan Gwaggo yana nan a jikin ƙusa. Kullum da safe ina kaɗe masa ƙura in mayar, ban aika mata da shi ba. Ku taimake ni kafin ta aiko a karɓa.

Wassalam.

Taku,
Hajara mai shinkafa,
daga bakin kanal, yankin Bunkure.